Jirgin Ƙasa Bayan Annobar Korona: Wa Ya Dawo, Wa Aka Bari A Tasha?

(Jawabin da kwamitin ayyuka da sufuri ya gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara)

 



Gabatarwa

Bayan gaisuwa da ban-gajiya ga duk waɗanda suka baro ayyukansu a birane domin halartar wannan taro, muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ɗora wa wannan kwamiti nauyin yin bayani a kan sha'anin jirgin ƙasa. Mai yiwuwa wani ya tambaya, me ya haɗa ƙungiyar raya gari, wadda aka sani da gyaran rijiyar burtsatse da biya wa marayu kuɗin jarrabawa, da maganar tikitin jirgi? Amsar tana cikin wannan zaure. Da za a bi mu ɗaya bayan ɗaya a tambayi kowa yadda ya iso gida, da abin da ya kashe a hanya, da waɗanda ya baro a birni saboda kuɗin mota ba su isa ba, da an ga cewa hanya ita ce igiyar da ta ɗaure mu da mahaifarmu. Duk lokacin da ta yi tsada ko ta yi hatsari, zumunci ne ke raguwa. Wanda ya saba zuwa gida sau huɗu a shekara sai ya koma sau ɗaya, 'ya'yansa kuma su tashi ba su san ƙofar gidan kakansu ba.

Saboda haka abin da muke so mu duba a yau shi ne halin da jirgin fasinja ya shiga tun daga annobar korona ta shekarar 2020, da irin dokokin tikitin da aka bi wajen dawo da shi. Abin da muka fahimta bayan nazari shi ne, dawowar jirgi kan layi daban, dawowar fasinja cikin tarago daban, kuma tsarin tikiti ne ke yanke hukuncin wanda zai hau da wanda za a bari a tasha.

Waiwaye adon tafiya

Dattawan da ke zaune a sahun gaba sun fi mu sanin matsayin da reluwe yake da shi a da. Layin dogo ya isa Kano a 1911, aka haɗe shi da na Legas a 1912. Daga nan ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, sannan Maiduguri a 1964. An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955, kuma a 1964 jiragenta sun ɗauki fasinjoji fiye da miliyan 11, a lokacin da ƙidayar 1963 ta nuna jama'ar ƙasar nan ba su wuce miliyan 56 ba.

Jirgin wancan zamani na kowa da kowa ne. Ɗan cirani da almajiri, mai fataucin goro da ɗan makarantar kwana, duk a tarago ɗaya suke haɗuwa. Tsohuwar tashar garinmu, wadda yanzu awaki ke kwana a inuwarta, kasuwa ce mai ci a duk ranar da jirgi ya tsaya, kuma akwai iyayenmu mata da yawa da suka aurar da 'ya'yansu da cinikin fura da dafaffen ƙwai da rake a bakin taragai. Daga shekarun 1980 al'amura suka fara lalacewa, har jirgi ya zama labari.

An yi yunƙurin farfaɗowa a Disambar 2012, lokacin da aka dawo da jirgin fasinja tsakanin Legas da Kano a kan tsohon layi. Sannan a watan Yulin 2016 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kimanin kilomita 186, daga Idu zuwa Rigasa, wanda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina da bashin da aka karɓo daga can. Da satar mutane ta tsananta a kan titin mota na Abuja zuwa Kaduna, sai manya da ƙanana suka koma jirgi. Ga 'yan reshenmu na Abuja, wannan layi ya zama rabin hanyar gida: a hau a Idu ko Kubwa, a sauka a Rigasa, a nemi mota a ƙarasa.

Abin da annoba ta yi

A watan Maris na 2020 aka dakatar da jiragen fasinja a ƙasar nan baki ɗaya domin hana yaɗuwar cutar. Layin Abuja zuwa Kaduna ya yi wata huɗu a rufe, sai a ƙarshen watan Yuli, dab da Babbar Sallah, aka sake buɗe shi. An gindaya sharuɗɗa, wato sanya takunkumi da ba da tazara tsakanin fasinjoji, wanda ya sa aka rage yawan mutanen da kowane tarago zai ɗauka. Tare da wannan sai ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya sanar da sabon farashi. Kujerar gama-gari ta tashi daga naira 1,500 zuwa naira 3,000, ta 'yan kasuwa ta koma naira 5,000, ta manyan baƙi kuma naira 6,000.

Hujjar da aka bayar tana da ma'ana a lokacin: tunda kujerar da ke kusa da kai za ta tafi babu kowa, dole a sami mai biyan kuɗinta. To amma sai annoba ta lafa, aka daina ba da tazara, taragai suka sake cika, farashi kuwa bai koma inda yake ba. Ƙarin da aka ɗora wa annoba ya zauna daram bayan annoba ta wuce.

Bari mu auna wannan da aljihun ƙaramin ma'aikaci. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne. Mutum da maiɗakinsa, zuwa da dawowa a kujerar gama-gari, naira 12,000 ke nan, wato kashi 40 cikin 100 na albashin wata. Ba a sa kuɗin motar zuwa Idu ba, wadda ke bayan gari, ba a sa na Rigasa zuwa tashar mota ba, balle na ƙarasawa gida. Irin wannan bawan Allah, ko dai ya koma titin da ya guda saboda tsoro, ko kuwa ya haƙura da zuwa gida.

Kuɗi sun dawo, fasinja fa?

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun fayyace wannan magana. A 2019, shekarar da ta gabaci annoba, jiragen Hukumar sun ɗauki fasinjoji kimanin miliyan 2.9, aka sami kuɗin tikiti kimanin naira biliyan 2.4. A 2020 fasinjoji suka faɗo zuwa kimanin miliyan 1. A 2021 suka koma kimanin miliyan 2.7, amma kuɗin tikiti suka kai kimanin naira biliyan 5.7.

Jama'a, a lura da kyau. Fasinjojin 2021 ba su kai na 2019 ba, duk da cewa an buɗe sababbin layuka guda biyu a tsakani, wato na Warri zuwa Itakpe a Satumbar 2020 da na Legas zuwa Ibadan a Yunin 2021. Amma kuɗin da aka tara sun ninka har da ɗoriya. Idan aka raba kuɗin bisa kawunan fasinjoji, za a ga a 2019 kowane fasinja ya biya abin da bai kai naira 900 ba, a 2021 kuwa ya biya sama da naira 2,000. Gaskiya ne wani ɓangare na ƙarin ya samu ne daga toshe ɓarakar da kuɗi ke zurarewa, kuma wannan abin a yaba ne. Sai dai alƙaluman suna nuna wani abu daban: jirgin da ya dawo bayan annoba jirgin mai ɗan hali ne. Sababbin layuka masu sanyaya ɗaki da tsada suka yi gaba, tsohon layi mai araha, wanda ya bi ta garuruwa irin namu, ya ci gaba da ja da baya. Jirgin Legas zuwa Kano ma an dakatar da shi a 2022 saboda rashin tsaro tsakanin Minna da Kaduna.

A 2022 adadin fasinjoji ya kai kimanin miliyan 3.2, ya haura na kafin annoba, sannan ya sauko zuwa kimanin miliyan 2.2 a 2023. Ko da mun ɗauki babban adadin, sai mu tuna da miliyan 11 na 1964, mu kuma tuna cewa yanzu jama'ar ƙasar nan sun haura miliyan 200. Ashe maganar farfaɗowa da sauranta.

Tikitin intanet: alheri da cikas

Tun kafin annoba, babban ƙorafin jama'a a layin Abuja zuwa Kaduna shi ne 'yan cuwa-cuwar tikiti. Mutum ya yi sammako ya bi layi, a ce masa tikiti ya ƙare, ya juya baya sai ga wani yana raɗa masa cewa akwai, amma da kuɗi ninki biyu ko uku. Jaridu sun yi ta ba da wannan labari, gwamnati ma da bakinta ta amsa cewa matsalar tana nan. Domin magance ta ne aka ƙaddamar da sayar da tikiti ta intanet a watan Janairun 2021, ta hanyar haɗin gwiwa da wani kamfani mai zaman kansa.

Ba za mu yi butulci ba, wannan tsari ya kawo sauƙi. Ma'aikaci yana ofis zai sayi tikitinsa ta waya, sunansa na jiki, lambar kujerarsa na jiki, kuɗin kuma su shiga asusun da ya dace. Amma tsarin ya zo da sharuɗɗan da ba a rubuta ba: babbar waya, da kati ko asusun banki, da kuɗin data, da iya karatun boko. Daga Disambar 2022 aka ƙara da sharaɗin lambar katin ɗan ƙasa, saboda dalilin tsaro. Mu yi tunanin gyatumar da ta je Abuja jinyar 'yarta da ta haihu, ko manomin da ya kai ɗansa asibiti. Ko da akwai kanta a tasha, idan kujeru kaɗan ne, kafin mai zuwa kanta ya iso masu waya sun riga sun kwashe.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da ke bangon nan ita ce ƙarancin kujeru. Muddin masu son tafiya sun ninka kujerun da ke akwai, to ɗan cuwa-cuwa ba zai rasa hanya ba, ko a takarda ko a waya. Manhaja tana iya tsara layi, amma ba ta ƙara tarago.

Tsaro da amana

A daren 28 ga Maris 2022 'yan ta'adda suka dasa bam a kan layi suka buɗe wa jirgin da ya taso daga Abuja wuta kafin ya isa Kaduna. An kashe aƙalla mutum 8, aka yi awon gaba da fiye da 60, waɗanda na ƙarshensu ba su shaƙi iskar 'yanci ba sai a watan Oktoba na wannan shekara. Muna roƙon Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri. Layin ya zauna a rufe fiye da wata takwas, sai ranar 5 ga Disambar 2022 aka sake buɗe shi, da ƙarancin zirga-zirga, da kuma wani sabon ƙarin farashi da ya kai kujerar gama-gari naira 3,600.

Tasirin wannan hari ya fito ƙarara a alƙaluma. A wata ukun farko na 2022 fasinjojin jirgi a ƙasa baki ɗaya sun haura 950,000, a wata ukun da suka biyo baya kuwa ba su kai 430,000 ba. Layi ɗaya aka rufe, amma fiye da rabin fasinjojin ƙasa suka ɓace. Har ila yau, a watan Agustan 2025 jirgi ya kauce daga kan layi a kusa da Asham, aka sake dakatar da zirga-zirga na wasu makonni.

Abin lura a nan shi ne, abin da fasinja ke saye da kuɗinsa ya wuce kujera. Yana sayen tabbacin cewa jirgi zai tashi a kan lokaci, zai kuma isa lafiya. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Annoba ta kori fasinja sau ɗaya, tsada ta kore shi, tsoro kuma ya sake korarsa, kuma duk wanda aka kora sau uku ba ya dawowa da sanarwar rediyo kawai.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Ba mu kaɗai annoba ta taɓa ba, saboda haka yana da kyau mu leƙa mu ga dabarun da wasu suka yi. Sai dai mu sani cewa ciwonsu ya bambanta da namu. A Turai, babban abin da ya rage fasinja shi ne ma'aikata sun saba da yin aiki daga gida, ba su zuwa ofis kullum. Shi ya sa a Birtaniya aka fito da wani sabon tikiti a Yunin 2021, wanda ke ba mutum damar tafiya kwana 8 cikin kwana 28, maimakon tikitin wata da ke ɗauka cewa kullum sai ya fita. Wato sun duba yadda rayuwar fasinja ta canza, suka ɗinka tikiti daidai da ita.

Jamus ta fi kowa yin abin mamaki. Daga Yuni zuwa Agustan 2022 ta sayar da tikitin wata a kan yuro 9 kacal, wanda ke aiki a motocin haya na gwamnati da jiragen cikin gari da na yankuna a duk faɗin ƙasar, ban da jirage masu gudun dogon zango. An sayar da kimanin miliyan 52 cikin wata uku. Taragai suka cika maƙil, har wani lokaci a bar mutane a tasha. Da wa'adin ya ƙare, sai suka zauna suka fito da tsari mai ɗorewa a Mayun 2023, a kan yuro 49 a wata, wanda ya koma yuro 58 a Janairun 2025. Gwamnatin tarayya da jihohi suka raba nauyin cike giɓin, kowane ɓangare yuro biliyan 1.5 a shekara, a rubuce cikin kasafin kuɗi. Ko da suka ƙara farashi, sai da aka yi watanni ana muhawara a fili, kowa ya san ranar da ƙarin zai fara.

Sifaniya kuwa daga Satumbar 2022 ta ba masu yawan tafiya a jiragen kusa da na matsakaicin zango tikiti kyauta, amma da sharaɗi. Mutum zai ajiye jingina ta yuro 10 ko 20, idan ya yi tafiya 16 cikin wata huɗu a mayar masa da kuɗinsa. Duk da haka sai da suka gamu da masu kama kujera su ƙi zuwa, har aka sa doka a kansu. Ashe ko a Turai, abin kyauta sai da tsaro.

Indiya ta bi wata hanya daban, wadda ta fi kama da tamu. Kafin annoba, dattijo mai shekara 60 yana samun rangwamen kashi 40 cikin 100, dattijuwa mai shekara 58 kuma kashi 50. A Maris na 2020 aka janye wannan rangwame da sunan hana tsofaffi yawo lokacin annoba. Annoba ta wuce, jirage suka sake cika, aka yi shekaru ana kiraye-kiraye a majalisa, rangwamen bai dawo ba. Wannan ya nuna cewa abin da aka karɓe daga talaka a lokacin larura ba ya dawowa da kansa.

Kyautar ƙarshen shekara

A nan gida ma an gwada kyauta. A ƙarshen 2021, da ƙarshen 2023, da ƙarshen 2024, gwamnatin tarayya ta ba da hawa jirgi kyauta na kimanin mako biyu lokacin bukukuwan Kirsimeti da sabuwar shekara. Haka nan jirgin cikin birnin Abuja, wanda aka buɗe a 2018 aka rufe saboda annoba a 2020, bai dawo ba sai a Mayun 2024, kuma da ya dawo an yi watanni ana hawansa kyauta. Waɗanda suka amfana sun gode, musamman ganin yadda kuɗin mota suka yi tashin gwauron zabo bayan janye tallafin man fetur a Mayun 2023.

Amma shekara mako 52 ce. Rashin lafiya da rasuwa da haihuwa ba su jiran Disamba. Bugu da ƙari, idan kujeru ba su ƙaru ba, kyauta takan faɗa hannun wanda ya fi saurin yatsa a waya, wanda sau da yawa shi ne mai iya biya. A ganinmu, farashi mai sauƙi wanda aka sani, aka kuma tabbata ba zai canza dare ɗaya ba, ya fi wa mai iyali amfani a kan kyautar da ba a san ko za a maimaita ta baɗi ba.

Ba mu manta da ɗaya gefen ba. Jirgi yana shan man dizal, wanda ya yi tsada ƙwarai tun daga 2022. Akwai albashi, akwai gyara, akwai bashin da aka gina layin da shi. Ba muna cewa a ɗauki kowa a banza ba ne. Abin da muke cewa shi ne, a mafi yawan ƙasashe kuɗin tikiti kaɗai ba su riƙe jirgin fasinja, gwamnati ce ke cikawa, domin ta san ribar jirgi tana fitowa ta wasu ƙofofi: raguwar hatsarin mota, daɗewar tituna, da bunƙasar kasuwannin da ke bakin layi. Bashin nan kuma da harajin kowa za a biya shi, har da na wanda tikiti ya fi ƙarfinsa.

Abin da ya rage gare mu

A watan Yulin 2021 aka aza harsashin sabon layin Kaduna zuwa Kano, mai kimanin kilomita 203, bayan an aza na Kano zuwa Maraɗi a Fabrairun wannan shekara. Na farkon zai ratsa ba da nisa da ƙasarmu ba. Har wa yau, gyaran tsarin mulki na Maris 2023 ya cire sha'anin jirgin ƙasa daga jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kansu, wato yanzu jihohi ma suna da ta cewa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan muka yi shiru har aka gama tsara tashoshi da farashi, to za mu riƙa tsayawa a gona muna ɗaga wa jirgi hannu yana wucewa. Don haka kwamiti yana gabatar da waɗannan shawarwari:

1. Ƙungiya ta rubuta takarda zuwa Ma'aikatar Sufuri da Hukumar Jiragen Ƙasa, ta hannun wakilanmu a Majalisar Tarayya, tana neman a tanadi aƙalla jirgi ɗaya a kowace rana wanda zai riƙa tsayawa a ƙananan tashoshi, da farashi gwargwadon nisan tafiya.

2. A nemi a keɓe wani kaso na kujerun kowane jirgi wanda ba za a sayar ta waya ba, sai a kanta a ranar tafiya, domin tsofaffi da marasa babbar waya da masu tafiyar gaggawa.

3. A nemi rangwame na dindindin ga tsofaffi da ɗalibai da masu buƙata ta musamman, a kuma rubuta rangwamen bukukuwa, na Sallah da na Kirsimeti, cikin ƙa'ida, yadda kowa zai san da shi tun farkon shekara.

4. Duk ƙarin farashi a sanar da shi tun da wuri tare da dalilinsa, kuma duk ƙarin da aka ce na larura ne a faɗi ranar da zai ƙare.

5. Mu haɗa kai da ƙungiyoyin garuruwan da ke maƙwabtaka da mu a kan tsohon layi, mu tunkari gwamnatin jiha da maganar dawo da ƙaramin jirgi mai araha, ko da a ranakun kasuwa ne, da kuma gyaran hanyar da za ta haɗa mu da sabuwar tasha mafi kusa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

6. Mu ma mu gyara namu. Kowane reshe ya ware matasa biyu ko uku da za su riƙa taimaka wa dattawa sayen tikiti ta waya da yin rajistar katin ɗan ƙasa. Mu yi wa juna alkawarin daina sayen tikitin bayan fage, domin mai saye shi ke raya mai sayarwa. Sannan muna roƙon mai girma Hakimi da dagatai da masu unguwanni su ƙara sa ido a kan masu kwance ƙarafan layin dogo suna sayar wa 'yan gwangwan, domin ba ma da bakin neman jirgi idan da hannun 'ya'yanmu ake cire layin da zai bi.

7. Kwamiti zai raba wata 'yar takarda a ƙofar fita. Muna roƙon kowa ya rubuta sau nawa ya zo gida a bana, ta wace hanya, da abin da ya kashe. Idan muka je gaban hukuma da lissafi a hannu, za a fi saurarenmu.

Kammalawa

Mai girma shugaban taro, iyayenmu da suka hau jirgi daga tsohuwar tashar nan zuwa Legas da Fatakwal neman arziki, a jirgin suka riƙa dawowa da abin da suka samu, da shi aka gina masallacin Juma'a da makarantar da yawancinmu muka yi. Ba su da waya, ba su da asusun banki, amma tikiti bai fi ƙarfinsu ba. Abin da muke nema shi ne jikokinsu su sami irin wannan dama a sabon jirgi. Kwamiti yana roƙon taro ya amince da waɗannan shawarwari, ya kuma sa ranar da za a miƙa takardar kafin mu watse.

Abin da muka faɗa daidai, Allah ya ba mu ladarsa baki ɗaya. Inda muka yi kuskure, Allah ya yafe mana, ku ma ku yafe mana. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ƙara wa garinmu albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya, ya kuma nuna mana taron baɗi da rai da lafiya.